Inna Mai Wanka da Matar Tudu

Inna ta rasu ranar Talata da hantsi, har azahar ta kusa ba a sami macen da za ta wanke ta ba. Da wannan zan fara, don na san halin unguwarmu. In ban rubuta ba, kafin baɗi kowa zai rantse ba a yi haka ba.

Kakata ce, ita ta haifi uwata, ita ta riƙe ni tun da anka yaye ni. Nan Malanville ba mai kiran sunanta, Inna mai wanka ake ce mata. In mace ta mutu a unguwa, kafin a kai ga liman an aiko mata. Matan da sunka cika mana tsakar gida ranar nan, da wuya ka nuna wadda Inna ba ta wanke wa uwa ko ɗiya ba. Kuka kam sun yi, ban hana musu wannan ba. Amma da anka zo maganar ruwa, sai kowace ta sami uzuri. Wata ta ce hannunta ke ciwo. Wata ta ce ta bar tukunya bisa wuta. Wata, mace da jikokinta sunka yi aure, ta raɗa mini wai ba ta da tsarki. Na dube ta har ta sunkuyar da kai.

Suna magana, idonsu na kan ƙofar ɗakin Inna. Ba gawar suke tsoro ba. Ƙarƙashin gadon da take kwance akwai akwatin ƙarfe, cikinsa ƙasusuwan wata mata ne da masu binciken kufai sunka tono a tudun gonarmu ta Madécali. Damina uku akwatin na nan, duk unguwa an sani.

Maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa 'yar Dendi da ba ta gani sosai, ta dogaro sandarta ta ratsa su. Ta ce da ni cikin Dendanci, "Ɗora ruwa." Na ce ban taɓa yi ba. Ta ce, "Ke da ido, ni da hannu. Ɗora ruwa." Mu biyu munka wanke Inna. Abin da na gani ba zan faɗa ba.

A zaman makoki na ji iri-iri. Wani Alhaji daga wajen Kamba, mai sarin albasa a kasuwarmu, ya zauna ƙofar gida yana share hawaye da hularsa. Ya ce matarsa ta rako shi fatauci wata shekara, ajali ya same ta nan, ba dangi ba sani. Inna ta wanke ta, ta yi mata sutura da zanenta, ya miƙa mata kuɗi ta ce ya saya wa yaran marigayiyar ƙosai. Ya ce, "Har yau ban san sunan tsohuwar ga ba." Cikin gida kuwa wata na gaya wa wata, da muryar da ta so in ji, cewa ciwon nan daga tudu Inna ta ɗauko shi. Na ce, "Tansiyo ne, hawan jini, likita ya rubuta. Ku ma rabinku kuna da shi, wane tudu kunka tona?" Uwata ta make ni a cinya.

Ran sadakar uku Kawu ya kira ni zaure. Shi ne babban ɗan Inna, shi ne mai gida yanzu.

"Ke, kahin bakwai akwatin ga ya bar gidan ga."

"Ya tahi ina, Kawu?"

"Kogi na nan, bai ƙahe ba. Na yi haƙuri don tana raye. Yanzu ba ni kwana gida ɗaya da ƙashin arna. In ran bakwai ta waye shina nan, da hannuna zan kai shi."

Kwana huɗu ke nan ya ba ni. Kafin in faɗi abin da na yi da su, sai kun san wace ce Inna.

Gajeriya ce, ba ta da jiki, ba ta son hayaniya. Kayan aikinta ba su cika kusurwar ɗaki ba: bokiti ɗaya, ƙwarya, sabulu, kafur, da ganyen magarya da take shanyawa da kanta ta ƙulle a tsumma. Bokitin nan ba mai taɓa shi. Sau ɗaya na jiƙa rigar lakwal, ta zuwa makaranta, a ciki, sau ɗayan nan ne ta taɓa dukana.

Ko cikin zafin bazara sai ta ɗumama ruwan wanka, ta gwada da gwiwar hannu kamar za ta wanke jinjiri. Na taɓa ce mata, "Inna, wadda ta mutu ina ruwanta da sanyi?" Ta ce, "Kin tambaye ta?" Ba ta juya gawa sai ta ce mata sannu. Ba ta cin abinci gidan mutuwa, ko ruwa sai ta dawo. In ta dawo kuwa, sai 'yan tsegumi su biyo ta, su zauna bakin tabarma suna kewaye-kewaye. "Inna, wai gaskiya ne mijinta na dukanta? An ce akwai tabo." Sai ta ce, "Yau nawa albasa a kasuwa?" In sun tafi ta ce da ni, "Matacciya ba ta iya jan zane ta ruhe kanta. Don haka anka kira ki. Ki ruhe ta, ki ruhe bakinki."

Uwar gaggawa take kirana. Ni in na ji haushi in ce mata tsohuwa. Mun yi faɗa kan tuwo, kan ɗankwali, kan fita. Ba ranar da ba mu yi ba.

Shekarar da na gama kolej ban sami ci gaba ba, bayan an girbe dawa, sai ga mota ta tsaya ƙofar gidanmu. Mutanen jami'a ne daga kudu, da takardar izini daga meri, ofishin magajin gari, a hannu. Shugabarsu mace ce, ba ta kai arba'in ba, ba Hausa ba Dendanci, sai Faransanci da yaren garinsu. Madam muke ce mata. Tudun gonarmu suke so su tona. Tudu ne mai baƙar ƙasa, dawa na son shi, kuma tun muna yara in anka yi ruwa muna tsintar tsingaro a kansa muna wasa. Madam ta ce gari ne a da.

Kawu ya ce a'a tun kafin in gama fassara. Inna ta ce gonar ta gadonta ce daga ubanta, ba ta tuna ranar da ta ba shi ba. Tambaya ɗaya ta yi: zinariya suke nema? Na ce a'a, so suke su san mutanen da sunka zauna wurin, me sunka ci, yaya sunka yi zamansu. Ta ce, "To su tona. Ni ma ina son in sani."

Anka ɗauke ni tafinta da wankin tsingaro, ni da Inna munka tare bukkar gona. Aikin nan ya kusa haukata ni. Su ja igiya su yanka ƙasa gida-gida, sannan ƙatti majiya ƙarfi su durƙusa suna kankara da cokalin magina, suna shara da ɗan buroshi, suna tankaɗe ƙasa a rariya kamar garin tuwo. Yini guda ba su sauka taƙi ɗaya ba. Na ce da Madam a ba ni galma in gama mata kafin la'asar. Ta ce ranar da na taɓa galma ranar zan koma gida. Inna ta tambayi abin da ta ce, na faɗa mata, ta ce, "Yarinyar ga tana da hankali."

Sannu-sannu gari ya fito. Duwatsun murhu uku da tokarsu, dutsen niƙa da ya lotsa tsakiya, ƙayar kifi birjik, ƙwayar hatsi da ta ƙone ta yi baƙi. Inna kan zauna kusa da ni tana jujjuya tsingaro. "Wagga ta miya ce, dubi bakinta. Wagga ta ruwa ce. Wagga mai ginin ta yi sauri, irinki ce." Madam ta sa ni fassara, tana rubutawa cikin kaye, littafinta na aiki. Inna ta ce ashe akwai ranar da za a rubuta maganarta.

Wata safiya buroshin wani ma'aikaci ya share wani abu mai santsi, ya yi tsalle baya yana salati. Ƙoƙon kai ne. Madam ta sauka da kanta. Kafin azahar mutum ya bayyana, kwance bisa gefen hagu, gwiwoyi a naɗe har ƙirji, 'yar tukunya kusa da kai. Maza sun yi da'ira bakin rami, har da waɗanda sunka baro gonakinsu don kallo. Wani yana ɗaga salula.

Inna ta leƙa. A ƙugu akwai 'yan duwatsu farare a jere, sun zagaye. Ta ce, "Jigida ce." Ta cire mayafinta ta saki cikin ramin, ya sauka ya rufe.

"Mace ce. Ku ba mu wuri."

Ba wanda ya motsa. Ta dubi mai salular. "Kai, ɗan wa kake? Na san uwarka, ni na wanke ta. Ka so a tsaya bisa kanta haka?" Ya mai da salula aljihu.

Madam ta taso a fusace. Ta ce in gaya wa tsohuwa kada ta ƙara jefa kome cikin ramin nan, ba a taɓa shi sai da izininta. Na fassara yadda ta faɗa, ban rage ba, ni ba na ragewa. Inna ta ce, "Gaya mata tukwane nata ne, ban hana ta ba. Amma gawar mace aikina ne, ita baƙuwa ce a ciki. Namiji ba shi taɓa ta." Sunka tsaya suna kallon juna, ni a tsakiya. Madam ce ta fara kau da ido. Anka kewaye ramin da zana, anka tura mazan tankaɗe can nesa, har da ɗalibin da Madam ta zo da shi, yana ta gunaguni. Mu uku munka yi kwana huɗu a ciki.

Ranar farko da na riƙe Inna ta sauka cikin ramin, ta zauna tana dubansa. Ku tuna, mata ba su raka gawa maƙabarta. Daga ƙofar ɗaki aikinta ke ƙarewa, maza su ɗauka su fita. Ta ce, "Shekara da shekaru ina shirya su ana hita da su, ban taɓa ganin masaukin ba. Ashe haka ake komawa." Ta ƙara dubawa. "Ba laihi. Tsab take."

Faɗa na biyu kan magana ne. Madam tana aiki tana karanta ƙashi kamar takarda. Ta ce matar ba yarinya ba ce, haƙoranta sun cinye saboda tsakuwar niƙa, gwiwoyinta sun nuna ta sha durƙuso, kuma hannunta na dama ya taɓa karyewa ya warke. Ni ina fassarawa da rawar jiki, abin ya burge ni. Inna ta ɗaure fuska.

"Ce mata ta yi shiru. Ba a hwaɗin abin da anka gani jikin gawa."

Madam ta ajiye buroshi. Ta ce, "Gaya mata in ban faɗa ba, ba wanda zai san matar nan ta taɓa zuwa duniya. Ta dubi hannun nan. An ɗora shi daidai. Wata biyu ba ta iya niƙa ba, amma ba ta mutu da yunwa ba. Wani ya niƙa mata, wani ya ba ta a baki. Wannan ma in ɓoye?"

Inna ta sa yatsa kusa da ɗorin, ba ta taɓa ba. Ta ce, "Wanga ta iya hwaɗi, alheri ne. Saura ta rubuta a takardarta, kada in ji shi a bakin 'yan kasuwa." Haka sunka shirya. Madam ta zana matar yadda take kwance, ta ba kowane ƙashi lamba, muna ɗauka ɗaya-ɗaya muna sawa cikin leda. Inna na ce wa kowane sannu. Zuwa rana ta uku na ji Madam ma ta ce "sanu", da Hausarta karyayya.

Ranar tafiya anka loda buhunan tsingaro bayan mota, anka zo ɗaukar akwatin. Inna ta zauna bisa kansa. Ta ce ba a ɗora mace bayan mota kamar buhun albasa a kai ta ƙasar da ba ta san kowa ba. Direba ya yi roƙo, ɗalibi ya yi barazana da jandarma, ta ce a kira su, ta san uwayen wasu. Ƙarshe Madam ta ɗauki haƙori ɗaya da 'yar gawayi don awo, ta bar saura hannun Inna. Alkawari shi ne, rani mai zuwa za ta dawo da kayan awo ta ƙarasa aikinta nan, sannan a mai da matar raminta yadda anka same ta. Ni kuma ta ce in ta dawo za ta ɗauke ni aiki sosai, ta nema mini hanyar karatu.

Ba ta dawo ba. Daji ya lalace, anka hana baƙi aiki a ƙauyuka. Takan kira ni ta salula ta ce baɗi. Sau ɗaya ta kira da murna, ta ce awo ya fito, matar ta yi zamaninta tun salla ba ta iso bakin kogin nan ba. Ni da bakina na baza labarin, ina jin na kawo abin alfahari. Daga ranar ne akwatin ya zama ƙashin arna.

Kawu ya ɗauko liman ya yi wa Inna magana. Liman dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Inna, ajiye ƙashin mutum cikin ɗaki ba daidai ba ne. Ba a yi mata salla, ba a kai ta maƙabarta, amma a haƙa ko'ina cikin daji a ruhe ta."

Ta ce, "Malam, gaskiyarka, ƙasa ta hi mata. Amma ba ko'ina ba, tana da wurinta, mutanenta sunka zaɓa mata. Kuma na ba yarinyar can magana, sai ta zo."

Kawu ya ce, "Arniya ce hwa, Inna."

"Kai ka kai mata salla ta ƙi? Ba ta iske ta ba. Wanda Ya yi ta Ya san ta, ba sai ka gabatar Mishi ba."

Liman ya yi dariya cikin rawaninsa, ya nemi takalmansa. Kawu bai yi dariya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ba zan yafe ba. Anka fara daina aiko mata. Ba wanda ya faɗa mata, dainawa kawai anka yi. Sai mu ji kuka ya tashi bayan gida, ta miƙe ta ɗauko bokiti, ta kwance ganyen magarya, ta yafa mayafi, ta zauna bakin ƙofa. Ta zauna har mu ji an wuce da makara. Sannan ta ƙulle ganyenta ta mayar. Ni ce nake zagi, ita ta ce in rage murya, gidan can suna cikin rashi. Na ce ta jefar da akwatin mu huta. Ta ce, "Don an daina kirana sai in yar da wadda ke hannuna?"

Nawa laifin ga shi, ba sai wani ya faɗa ba. Da ciwo ya kwantar da ita, wata rana ina ba ta kunu ta riƙe mini hannu. "Uwar gaggawa, yau ina gaggawar taki? Damina uku, wa'adi ya wuce, na hita hakkin yarinyar can. Kai baiwar Allah ga gidanta tun ina gani." Na ce a ƙara jira, Madam ta ce baɗi tabbas. Ba don Madam na faɗa ba. Aikin nan nake hange, da karatun. Ni da ba na iya jiran tuwo ya nuna, ranar da anka ce in yi sauri sai na ce a jira. Ta sake mini hannu ta ce, "To." Mako biyu bayan nan ta rasu.

Ana gobe bakwai, da sassafe, na jawo akwatin gaban kowa. 'Yan kabu-kabu biyu na tsayar, suna ganinsa sunka ce mai ya ƙare. Na ari moton ƙawata, wato babur, na ɗaure akwatin a baya da shebur da galma, na kama hanyar Madécali.

Wurin bai ɓace mini ba, ƙarfen da Madam ta kafa a kusurwa yana nan. Bazara ce, ƙasa ta yi tauri a sama, amma da na fasa ɓawon sai ta saki, tunda cikon rami ce. Na haƙa har rana ta take, tafin hannuna ya tashi ya fashe. Ramin ya kai mini ƙirji na iske tampol ɗin da anka shimfiɗa a ƙasa kafin a cike. Na ɗage shi, ga gurbin.

Na buɗe akwati na ga leda bisa leda, kowace da lambarta. Ban san wane ke bin wane ba. Zanen yana wurin Madam. Zuciyata ta ce in zazzage duka in tura ƙasa, wa zai sani. Har na ɗaga akwatin. Na ajiye na kira Madam.

Ta yi ihu har sai da na janye salular daga kunne. Ta ce kayan ƙasa ne, doka ta hana, ba ta gama awo ba, zan lalata aikin shekaru.

Na ce, "Madam, Inna ta rasu. Gobe kawuna zai zuba matar nan a kogi. Ki zaɓa mata, kifi ko ƙasa."

"Ki nemi wani wuri ki ajiye, zan zo."

"Har wane baɗin?"

"Kin san in kin yi haka sai na rubuta rahoto, kuma ba zan iya ɗaukar ki aiki ba."

"Rubuta. Ki dai rubuta sunana daidai."

Ta kashe. Na zauna cikin rami, ni da ledoji, rana bisa kaina. Ban yi kuka ran da Inna ta rasu ba, haushi ya hana ni. Nan na yi shi.

Can sai salula ta yi ƙara. Ita ce, muryar ta sauka. Ta tambayi ranar da Inna ta rasu, da ko ta sha wahala. Na faɗa mata. Na ji ƙarar takarda ana buɗewa.

"Cire su daga leda, kada ki bar leda ko ɗaya a ramin. Tsaya inda kike ganin kogi. Nan fuskarta ke duba. Ɗauko lamba ɗaya."

Haka munka yi har bayan la'asar. Ita na karanta zane daga kudu, ni ina jerawa. Kai, wuya, gadon baya ɗaya-ɗaya, sannan haƙarƙari. Sau biyu ta sa na kwashe na sake, ta ce na juya ƙashin cinya. Na ce wa zai duba, ta ce, "Ni." 'Yan ƙananan na yatsu sun gagare ni, ta ce in tara su inda hannun yake, kusa da haɓa. Na zagaya duwatsun jigida a ƙugu, na ajiye 'yar tukunyar kusa da kai. Madam ta ce saura haƙori ɗaya, yana wurinta. Na ce ta riƙe, ladan karatun da ta yi mini ne. Ta yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce.

Ban san addu'ar da ake yi wa irinta ba, ban kuma ƙirƙira ba. Na dai gaya mata Inna ta rasu, shi ya sa ta ji baƙon hannu. Na tura ƙasa a hankali, da tafi, sai da ta rufu sannan na ɗauki shebur.

Na iso gida gab da magariba, jikina duk ƙasa. Kawu na ƙofar gida da 'yan gaisuwa. Ya dubi akwatin, na buɗe masa ya ga ba kome.

"Ina kinka kai?"

"Gidanta."

"Cikin gonata?"

"Gonar Inna. Matar kuma ta riga mu duka zuwa wurin, mu ne munka iske ta."

Tun ranar bai ƙara yi mini magana ba, ko gaisuwata ba ya amsawa. Madam ta rubuta rahotonta, ta turo mini na karanta, sunana daidai yake. Har yau ba wanda ya zo nemana. In sun zo, ina kasuwa layin albasa, ba sai sun sha wuyar tambaya ba. Aikin ya tafi, karatun ma haka, kuma in an mai da ni ranar nan zan sake yi, sai dai in yi shi da wuri, Inna na gani.

Allah Ya jiƙan ki, tsohuwa. Yadda kinka rufa wa matan garin nan asiri ba su iya gode miki, Ya rufa miki naki. Ya sa ruwan da kinka ɗumama wa wasu ya zama sanyin kabarinki. Waɗanda sunka bar ki zaune bakin ƙofa, ke na san kin yafe. Ni ban kai nan ba tukuna.

Jiya anka yi arba'in. Ruwa ya sauka makon da ya wuce, yau da safe na bi uwata kai abinci gona. Kawu ya sa shanu ya huɗe tudun duka, daga gindi har sama, sai wuri ɗaya kamar faɗin tabarma da garma ta kewaye ta wuce. Uwata ba ta san inda ramin yake ba, ta ce, "Yaya, nan fa, mantuwa ka yi?"

Ya ce, "Dutse ne a wurin. Shina karya garma."

Babu dutse a wurin. Ni na haƙa shi har ƙirji, ko tsakuwa ban iske ba, shi ma ya sani. Na dube shi, ya dubi shanunsa. Wanda ya san ni ya san irin wuyar da na sha kafin in haɗiye maganar da ta zo mini baki. Na haɗiye. Na zuba masa fura, ya karɓa.